Fuskar da Hankaki Suka Sani

Tun da na san Wilfred Dekker ban taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane ba, in ban da a wuri guda. Ko walima aka yi a coci, sai ya naɗe nasa a takarda ya kai mota, ya juya wa titi baya ya ci. Cin abinci sai an buɗe baki, buɗe baki kuwa sai ya sauke ƙyallen ulun da yake naɗe fuskarsa da shi tun daga ƙasan ido har wuya. Rani da hunturu ƙyallen nan yana nan.

Yana saurayi abin ya same shi. Yana aiki a ma'aikatar narka ƙarfe ta bakin kogi, wadda yanzu ko gininta babu, sai narkakken ƙarfe ya fantsamo masa. Ya cinye masa kumatun hagu da kunne da rabin leɓe. Likitoci sun yi iya yinsu, amma fatar ta warke a tattare, jajawur, bakin kuma ya karkace. Yarinyar da zai aura ta leƙa shi a asibiti, daga nan ba ta sake komawa ba. Na san ta sarai. Ta riga mu gidan gaskiya, don haka zan kama bakina, amma ban taɓa gaishe ta da daɗin rai ba.

Mutanen garinmu ba mugaye ba ne, sai dai akwai wani irin ladabi namu da na tsana. Ba mai yi maka dariya, ba mai nuna ka da yatsa. Za a gaishe ka da fara'a, a tambayi lafiyarka, amma duk maganar da maɓallin rigarka ake yin ta. Haka aka yi wa Wilfred har ya gaji ya rufe fuskar, kowa ya huta. Ya koma garejin bayan gidansa yana gyaran injin yankan ciyawa da na kwasar ƙanƙara, shi kaɗai, ba mata ba ɗa, sai wata ƙanwa da take aure a wani gari mai nisa.

Ni sunana Noreen, a kicin ɗin makarantar firamare na yi aiki har ƙafafuna suka ce sun gaji. Shekarar da maigidana ya rasu, 'yata ta ga ina neman rasa hankali a cikin gida, sai ta sayo mini madubin hangen nesa ta tura ni wurin masu kallon tsuntsaye. Ƙungiya ake ce mana, amma gaskiyar magana tsofaffi ne 'yan kaɗan da ba su da aikin yi. Da hunturu harkar ta fi armashi. Waya za ta yi ƙara, a ce an ga farar mujiya a kan shingen wata gona, sai ka ga tsohuwa ta bar miya a kan wuta ta fita da takalmi daban-daban. Wata rana gaggafa ce a kan ƙanƙarar kogi, wata rana wata baƙuwar agwagwa da ta yi ɓatan kai. Mu yi ta rawar ɗari muna musu a kan launin wutsiya, kowa da filas ɗin kofinsa.

Wilfred ma yana cikin ƙungiyar, amma shi duk wannan bai dame shi ba. Zai zo, ya duba, ya gyaɗa kai. Nasa tsuntsun hankaka ne.

Da an gama girbin masara, sanyi ya fara cizo, hankaki suke sauko mana daga arewa, dubbai a kan dubbai. Da rana su watsu gonaki da juji. Da rana ta yi ƙasa kuma sai su kamo hanya ta kowace kusurwa, layi-layi, su fara taruwa a kan rufin gidaje suna surutu, sai duhu ya fara shiga su kwarara cikin dogayen itatuwan da suke tsakanin tsohuwar maƙabarta da kogi, su kwana. Mutanen unguwar sun tsane su saboda kashin da suke yi wa motoci. Wilfred kuwa ba magaribar da take wuce shi a gindin itatuwan nan.

Gaetan, wani ɗan ƙungiyarmu, shi ne ya fara kai ni wurin. Tsohon direban bas ne, Bafaranshe, bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci. Muna fita daga mota ya zunguro ni da gwiwar hannu.

"Ke sabuwar shiga, in za ki suma ki gaya mini da wuri. Bayana ba zai ɗauki buhu irinki ba."

"Buhu uwarka," na ce. "Suman me?"

Ya nuna mini da haɓa. Wilfred ya yi gaba shi kaɗai har gindin itatuwan. Ya tsaya, ya cire safar hannu, ya warware ƙyallen nan a hankali ya cusa a aljihu. Ya ɗaga fuskarsa sama, tsirararta, a cikin wannan sanyin.

Ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi da na gan ta. Amma kafin in san inda zan sa idona, sai na ji kukan hankakin da suke sama ya sauya. Wasu hankaki suka tsinke daga cikin taron suka sauko, wani a kan dutsen kabari, wani a kan shinge, wasu a ƙasa suna ɗan tsallensu suna matsowa. Ya zura hannu a aljihu ya watsa musu gyaɗa mai ɓawo. Wata mai farin gashi guda a fiffiken dama ta zo har bakin takalminsa, ta karkata kai tana kallonsa. Kallo fa na gaske, ƙuri, ido cikin ido, irin wanda mutanen garin suka hana shi.

"Furfura, kin makara yau," in ji shi. "Ina kika tsaya yawon gulma?"

Furfura ya raɗa mata saboda farin gashin nan. A ranar na fara jin dariyar Wilfred. Tana fita a karkace, da ɗan fito a ciki, amma dariya ce.

Daga baya ya yi mini bayani, yana fasa gyaɗa. Hankaka fuska yake riƙewa, ba riga ba, ba hula ba. Wanda ya yi masa alheri ya sani, wanda ya cuce shi ya sani, kuma ba ya mantuwa. Gaetan ya ce ƙarya ce, gyaɗar suke bi. Sai suka yi musayar kwat da hula, Gaetan ya ɗauki jakar gyaɗar ya yi gabas, Wilfred ya yi yamma hannu rabbana. Duk suka bi Wilfred.

"Tsuntsayen banza, marasa ido!" in ji Gaetan. "Ga kyakkyawa a tsaye, kun bi wannan?"

"Kyan naka ne ya kore su, mutumina," in ji Wilfred. "Irin fuskarka cike take da gari. Tawa kuwa guda ce a duniya."

Da wasa ya faɗa, amma ni na ji abin har cikin raina. A wannan wurin kaɗai yake iya yin raha da fuskarsa.

Akwai doka ɗaya da yake koya wa duk wanda ya fara zuwa. In ka ga mataccen hankaka a ƙasa, kada ka kuskura ka taɓa shi 'yan uwansa suna gani. Ba su san taimako ba. Duk wanda suka ga gawar ɗan uwansu a hannunsa, shi ya kashe, magana ta ƙare. Ka bari sai da rana sun tafi gona, ko kuma ka rufe fuskarka ruf kafin ka sunkuya. Ya maimaita mini wannan har na ce, "Haba Wilfred, na ji! Ni da ko kazar gidana ban iya ɗauka."

Mun yi shekaru a haka. Ni ce mai kawo miyar wake da zafinta a filas, Gaetan ne mai kawo surutu. A gindin itatuwan nan Wilfred ya fara shan miyata a gabana ba tare da ya juya baya ba, tana zuba ta gefen bakinsa yana sharewa.

Sai wata yamma da aka kwana ana ruwan da yake daskarewa da ya taɓa ƙasa. Komai ya zama gilashi, titi da rassa da wayoyin lantarki. Hankakin sun kasa samun wurin kamawa, suna ta sauka a kan titin da ya bi gefen maƙabarta suna tsintar abin da suka samu. Wata motar kaya ta taho, direban ya taka birki, birki bai ji ba. Suka tashi fir, ban da ɗaya. Ta rage a tsakiyar titi tana juyi da fiffike guda, kuma daga inda nake na hango farin gashin.

Wilfred ya zubar da jakar gyaɗar ya ruga. Tsoho a kan santsi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Sama kuwa ta yi baƙi da hankaki, dukansu suna kallo.

"Wilfred! Fuskarka!" na ƙwala masa kira. "Rufe fuskarka!"

Gaetan ma yana ihu, "Ƙyallen, kai tsoho! Yana aljihunka!"

Ya ji mu. Na ga hannunsa ya je bakin aljihu, ya tsaya, ya dawo. Ya durƙusa ya tallafo ta da hannu biyu, ya kawo ta daidai fuskarsa yana yi mata magana. Ta yi kuka ɗaya mai tsawo, ta saki wuya. Ya miƙe tsaye da ita a hannu, a tsakiyar titi, a gaban dubban idanu.

Wayyo Allah. Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Wani kuka ne daban, mai kaushi, mai tsaga kunne, duk itatuwan suka ɗauka lokaci guda. Suka yi ta kawo masa sura, suna wucewa dab da kansa. Gaetan ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe shi, muka ja shi zuwa mota.

A cikin motar na balbale shi da faɗa, don ni in na tsorata faɗa nake yi.

"Kai ka kafa dokar nan! Kai da bakinka! Me ya hana ka rufewa? Ɗaga ƙyalle aiki ne?"

Yana riƙe da ita a cinya, yana shafa farin gashin da babban yatsa.

"Da na rufe, ba za ta san ni ba ne," ya ce. "Sai ta mutu a hannun baƙo tana jin tsoro."

Gaetan ya tuƙa mu har gida.

Washegari Wilfred ya koma da gyaɗarsa kamar kullum. Yana sauke ƙyallen, wani ya ba da sanarwa daga saman reshe, sauran suka amsa. Ya watsa gyaɗar, ba wanda ya sauko. Ya kira su da muryar da yake kiransu, suka ƙara zaginsa. Haka gobe, haka jibi, har ƙarshen hunturun. Waɗanda suke zama a garin duk shekara suka gano gidansa. In ya fito zubar da shara da fuska a buɗe, sai su jeru a kan waya su yi ta yi masa tijara har ya koma ciki.

Muka yi ta ba shi baki. Gaetan ya ce, "Bari su tafi arewa su dawo, ƙwaƙwalwarsu ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba." Shi kansa ya san ba gaskiya ba ne. Da suka dawo hunturu na gaba, Wilfred ya yi aski, ya sa sabuwar hula, ya sayi gyaɗa mai tsada. Ya sauke ƙyallen. Kai, har ƙananan da aka ƙyanƙyashe a bazarar, waɗanda ba su san Furfura ba, ba su ga komai ba, da su aka yi zagin. Iyayensu sun koya musu.

Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na dunƙula ƙanƙara na jefi itacen, ina ta masifa kamar mahaukaciya.

"Butulai! Marasa mutunci! Gyaɗar da kuka ci ta mutumin nan ta fi nauyinku! Tir da halinku!"

Ya riƙe mini hannu. "Bar su, Noreen. Abin da suka gani suke faɗa. Ai ba ƙarya suka yi mini ba, a hannuna ta mutu."

"Amma ba kai ka kashe ta ba!"

"To, je ki gaya musu."

Ni na kawo shawarar da ta biyo baya, kuma a lokacin kowa ya ce ta yi. Tun da fuskar suke zagi, ya bar ta a rufe. Ya ja ƙyallen har ƙasan ido, ya sauko da hula har gira, ya tsaya a gefena ni in riƙa watsa gyaɗar. Aka yi haka, kuma ya yi aiki. Suka sauko suna tsinta a gindin ƙafarsa, hankalinsu kwance. Gaetan ya yi tafi, ya ce ashe tsohuwar nan tana da kai. Na juya ina murna, sai na ga idanun Wilfred ta tsakanin hula da ƙyalle. Ba murna a cikinsu. Wurin da ya rage masa a duniya da yake shan iska da fuskarsa, nan ma ya rufe. Ya daina shan miyata a can, don shan miya sai an sauke ƙyalle.

Haka ya ci gaba da zuwa, hunturu bayan hunturu, yana tsaye kamar turke. Jikinsa kuma ya fara ja da baya. Hayaƙin ma'aikatar da ya shaƙa yana saurayi ya dawo masa a ƙirji, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har hawa matakalar gidansa ya zama aiki. Ƙanwarsa ta zo ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba, za ta tafi da shi garinsu, inda akwai gidan jinya kusa da ita. Gari ne na gine-gine, ba kogi, ba makwancin hankaki.

Ana gobe za su tafi ya buga mini waya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Noreen, akwai sauran gyaɗa?"

Ni da Gaetan muka ɗauko shi. Ƙarshen hunturu ne, ƙanƙara ta fara narkewa, taron ya fara raguwa amma har yanzu itatuwan cike suke. Muka riƙe shi ta hagu da dama har gindin itatuwan, ya jingina da shingen maƙabarta yana mai da numfashi. Rana ta yi ja a bayan kogi. Na watsa gyaɗar, suka sauko, suna ɗauka suna fasawa a kusa da takalminsa. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi.

Ya daɗe yana kallonsu. Sai na ga ya cire safar hannu ya miƙa wa Gaetan, ya kai hannu bayan wuya inda ƙullin yake.

"Wilfred, don Allah kar ka yi," na ce. "Ranar ƙarshe ce. Ka tafi da su lafiya."

"Lafiyar me?" ya ce. "Dube su. Da ni da wannan shingen duk ɗaya ne a wurinsu. Na gaji da zama ba kowa ba, 'yar uwa."

"Za su zage ka, mutumina," in ji Gaetan.

"Na sani."

Ya warware ƙyallen, ya sake shi ya faɗi a kan ƙanƙara. Ya ɗaga fuskarsa sama kamar ranar da na fara ganinta.

Wanda ya fi kusa da ƙafarsa ya tsaya da gyaɗa a baki. Ya karkata kai, ya ƙura masa ido. Ya saki gyaɗar, ya tashi kan reshe, ya ɓarke da kukan nan mai kaushi. Na gaba ya amsa, na bayansa ya amsa, kafin ka ce me duk itatuwan sun ɗauka tun daga maƙabarta har bakin kogi. Suka taso suna kewaya kansa suna zaginsa iya ƙarfinsu.

Na rufe kunnena ina kuka. Da na dube shi, hawaye ne yake bin tabon kumatunsa yana shiga karkataccen bakin, amma dariya yake yi, dariyar nan mai fito da na yi shekaru ban ji ba.

"Kin ji, Noreen?" Sai da ya ɗaga murya kafin in ji shi. "Sun gane ni! Duk shekarun nan ba su manta ba!"

"Zaginka suke yi, Wilfred!"

"Ni suke zagi. Ni ɗin nan." Tari ya sarƙe shi, ya dafa kafaɗata har ya lafa. "Gaya mini, duk garin nan wa ya taɓa riƙe fuskata haka?"

Muka tsaya tare da shi a cikin ƙarar har duhu ya rufa, suka gaji suka shige rassa. Bai ɗauki ƙyallen daga ƙasa ba. Haka ya shiga mota, haka muka bi ta tsakiyar gari fitilun titi suna haska shi.

Bai ga wani hunturun ba. Da bazara ƙanwar ta kira ni ta ce ya cika. Aka dawo da shi garinmu, tun da nan iyayensa suke kwance. Mu al'adarmu akan bar akwati a buɗe a yi wa mamaci kallon ƙarshe, amma da na shiga coci na tarar nasa a rufe, da furanni a kai. Ƙanwar ta raɗa mini cewa ta ga hakan zai fi wa mutane sauƙi. Wallahi sai da Gaetan ya ja ni waje, don saura ƙiris in yi abin kunya a gaban gawa. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

A tsohuwar maƙabartar aka binne shi, ba nisa da itatuwan. Da aka girbe masara, sanyi ya dawo, hankakin suka dawo su ma. Na cika aljihuna da gyaɗa na tafi ni kaɗai, don gwiwar Gaetan ta hana shi fita. Suka zo layi-layi kamar kullum, wasu har suka sauka a kan dutsen kabarinsa suna fasa gyaɗa a kai, suna ɗan surutunsu na yau da kullum, lafiya lau.

Na tsaya har ƙafafuna suka mutu don sanyi, ina jira ko guda ɗaya zai yi wancan kukan mai kaushi. Ba wanda ya yi.